Dodon da Na Warware da Hannuna

Ranar Talata ce, da ƙarfe goma da kwata na safe, a farfajiyar wani tsohon bene da ke bayan layin dogo a Agege. Mu biyar ne a wurin: ni, da 'yan wasan barkwancin nan biyu da ake kira Tulu da Muciya, da Ɗanjuma mai kyamara, wanda bai cika wata biyu da zuwa daga Jos ba, sai kuma Ayuba, wani ƙaton ɗan dako da muka ɗauko daga Oyingbo domin ya shiga cikin kayan dodo. Fim muke ɗauka, kuma ranar Juma'a Muciya zai hau motar Arewa. Mahaifinsa ya aiko cewa damina ta faɗi, ya koma gona. Ya kuma ƙara da cewa in har wasan nan sana'a ce, to, ya zo da shaida a hannu. In babu shaida, ya yi sallama da Legas ke nan har abada. Shaidar kuwa ita ce kaset ɗin fim ɗin nan. In bai kammalu kafin Juma'a ba, babu Muciya, in kuwa babu Muciya, Tulu ba shi da wanda zai ɓuya a bayansa.

Na ɗauki alƙalami ne saboda matasan da ke zuwa shagona da wayoyinsu, suna cewa in ara musu wani abu mai ban tsoro, za su ɗauki wasan dariya na minti biyu. A ganinsu, a lulluɓa wa mutum farin zane, a huda masa idanu biyu, an yi dodo. Ba haka aikin yake ba, kuma ina so a sani kafin in ajiye almakashi.

Ɗinki na fara koyo a makarantar mishan da ke ƙauyenmu a ƙasar Zazzau. Malamin da ya koya mana yana yawo da rula a aljihu, kuma doka tasa ita ce ɗinki goma sha biyu a cikin kowane inci. Wanda ya yi sha ɗaya zai warware ya sake, ko da an buga ƙararrawar abinci. Da na zo Legas, na yi shekara bakwai a ƙarƙashin wani mai ɗinka kujerun mota a Ogba. A wurinsa na koyi yankan soso, da aiki da basilla, da sanin irin gam ɗin da ke jure zafi. Ranar Asabar da yamma nakan shiga silima, inda ake nuna tsofaffin finafinan Turawa marasa launi, waɗanda wani mai ƙiba da wani siriri kan faɗa gidan fatalwa ko su kwana a ɗakin mai shan jini ba su sani ba. Jama'a suna kallon masu ban dariyar, ni kuwa ina kallon dodon, ina neman inda aka haɗa wuyansa da kafaɗa. A nan na lura da abin da har yau nake faɗa: dodannin cikin finafinan nan ba su taɓa yin wasa ba. Da gaske suke, shi ya sa gudun mutanen biyu yake ba da dariya.

Kayan aikina ba su da yawa. Baƙin keken ɗinki mai ƙafa, da basilla uku, da tef ɗin awo, da waya, da gam irin na masu gyaran takalmi, da almakashi biyu, ɗaya na yadi, ɗaya na soso. Duk wanda ya yanka soso da na yadi, ranar ya gama aiki da ni. Jini nakan haɗa shi da zoɓo mai kauri da sitaci, a dafa har ya riƙa bin cokali. Fatalwa kuwa gidan sauro ne mai ninki uku, ba farin zane ba, domin zane yana manne wa jiki ya nuna cibiyar mutum. In labari ya ce dare ne, ba ma jiran dare. Baƙin yadi nake rufe tagogi da shi da rana tsaka, kowa ya koma gidansa kafin magariba.

Aikin da na fara yi wa Muciya haƙoran mai shan jini ne. Na yanke su daga farin mataji, na goge da fayil har kwana biyu, na gwada a bakinsa sau huɗu. Ranar ɗauka ya iso da goro a baki, ya ci ya ƙoshi da haƙoran a maƙale, suka koma jawur kamar manja. Na ce a sake wasu. Shi da Tulu suka ce ai jan ya fi dacewa, tun da jini yake sha. Na ce mai shan jinin da ya san kansa yana wanke baki, na koma shago na sake yankawa. Tun ranar suka laƙaba mini suna Hedimasta, ban kuma taɓa amsawa ba, amma bai hana su kira ba.

Tulu haifaffen Agege ne, kakansa tsohon soja, shi kuma mahauci a kwata. Gajere ne mai tumbi, kuma Yarbanci a bakinsa kamar Hausa. Muciya kuwa dogo ne siriri daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, ya zo cirani yana tura ruwa a kura. A cikin wasa Tulu shi ne mai cika bakin da kan riga kowa gudu, Muciya kuma marowacin da ba ya gane akwai hatsari sai ya taka shi. A waje ma bambancin kaɗan ne. A wancan lokacin finafinan tsafi da maita sun cika kasuwa, su kuwa biyun nan suka ce za su riƙa kwaikwayonsu domin a yi dariya. Ni ne mai dodonsu, kuma dokokina biyu ne. Ta farko, ko tsinin yatsan wanda ke cikin kayan ba za a gani ba. Ta biyu, 'yan wasa ba za su ga dodo ba sai kyamara ta fara aiki, domin razanar farko ba ta kwaikwayuwa.

Shekarar da ta gabaci wannan Talatar ita ce mafi muni a sana'ata. Ruwa ya shiga shagona har gwiwa, ya kwana uku bai janye ba. Fuskokin da na yi da takarda da sitaci suka narke, suka zama kunu. Sosona duka ya sha ruwan kwata, abin da ya tsira kuma ɓeraye suka ƙarasa. Shekara guda ina facin wando da ɗinka kayan 'yan makaranta. Tulu da Muciya suka yi fim biyu babu dodo, a gidajen kallo mutane suka riƙa tambaya, to me suke gudu? Saboda haka da aka zo wannan fim, na ƙudurta zan yi abin da ba a taɓa gani ba. Labarinsa mai sauƙi ne: an ɗauki su biyun gadin wani bene da ake cewa akwai dodo, a ƙarshe su kayar da dodon, su cire masa kai, a ga ashe ƙanen mai gidan ne ke korar 'yan haya.

Tun da babu soso, sai na tafi kasuwar Jankara na sayo buhu biyu na ƙyallaye: atamfa, da karan-miski, da leshi, da yadin labule. Na yanke su dogaye, faɗin tafin hannu, na yi wa kowanne baki da jan yadi mai haƙora, na jera su bisa juna tun daga tsakar ka har ƙasa. A fuska na sa raga domin Ayuba ya gani ya kuma yi numfashi. Safar hannu da ta ƙafa na ɗinke su a jikin kayan. Sati uku na yi, ƙofa a rufe. Da na sa Ayuba ya juya a cikin shago, ƙyallayen suka buɗe kamar laima, na san na yi aiki.

A nan dole in faɗi laifina. A makaranta an koya mana cewa in dodon gargajiya ya fito, ɗan mishan yakan kau da kai. Na riƙe wannan da gaske. Shekara ashirin ina Legas, duk ranar da na ji gangunan egungun, wato dodon da Yarbawa ke ɗauka kakanninsu ne suka dawo ziyara, sai in ja ƙofar shago in fuskanci kekena. Sunan na sani, kamannin ban taɓa tsayawa na duba ba. Ɗanjuma da Ayuba baƙi ne, Muciya kuwa ɗan cirani ne da bai kula da al'adun gari ba. Mutum ɗaya ne a cikinmu ya san abin, wato Tulu, shi kuma dokata ta hana shi gani.

To, Ɗanjuma ya kunna kyamara. Tulu yana tsakar farfajiya yana bugun ƙirji, yana cewa shi fa dodo yakan gaishe shi da safe. Na ɗaga hannu, Ayuba ya fito daga ƙarƙashin matakala, ya yi juyi ɗaya. Tulu ya daskare. Sai ya zube ƙasa rub da ciki, yana zuba Yarbanci da wata siririyar murya da ban taɓa jin ta a bakinsa ba. Ɗanjuma ya waiwayo ya ɗaga mini babban yatsa. Ni ma a raina na ce, yau dokata ta biya. Muciya ya bi tsari, ya kurma ihu ya nufi ƙofar gida, Ayuba kuma ya bi shi kamar yadda aka umarce shi, har titi.

Kafin in kai bakin ƙofa titin ya canza. Masu okada sun ja burki. Mata masu sayar da tumatir sun durƙusa, wata tsohuwa tana miƙa hannu tana roƙon albarka. Wasu maza suna tambayar juna na wane gida ne wannan, kuma don me ya fito babu masu bulala a gabansa. Ayuba bai san abin da ake ciki ba. Ya ga ana girmama shi, ya ɗaga hannu ya ce, “Sannunku da kasuwa.” Daga nan zafi ya dame shi, ya kai hannu biyu zai tuɓe kan. Ban taɓa ganin mai ƙiba ya yi gudun da Tulu ya yi ba. Ya daka tsalle ya rataye a wuyan Ayuba, ya danne kan da dukan nauyinsa, ya ja shi da baya zuwa cikin gida, ya danna sakata.

Ya jingina da ƙofa yana haki. “Hedimasta, ka san abin da ka ɗinka?”

Na ce dodo na ɗinka.

“Kakan wani ka ɗinka. Da ya cire kan nan a titi, wallahi yau har shagonka sai an nema an rasa. Shekara ashirin a garin nan, oga, ina kake ajiye idonka?”



Ba a yi rabin awa ba sai ga dattijon da ke kula da wannan al'ada a unguwar, da sandarsa, da mutum biyu a bayansa. Tulu ya kwanta ya gaishe shi yadda Yarbawa suke yi, ya zama tafinta. Dattijon ya zagaya Ayuba sau biyu, ya tambayi wanda ya ɗinka. Na ce ni ne. Ya tambayi wanda ya nuna mini. Na ce babu, na kuma gaya masa dalilin da ya sa ban san kamannin nasu ba, ban rage kome ba. Sannan ya tambayi abin da za a yi da dodon a ƙarshen wasan. Muciya, da bai iya shiru ba, ya ce ai kayar da shi za mu yi, mu zaune shi, mu tsige masa kai. Tulu ya fara fassara. Jimla ɗaya Muciya ya yi, amma Tulu ya yi minti biyar yana magana, yana nuna sama, yana dafa ƙirji. Yarbancina na kasuwa ne, amma na gane babu kayarwa a ciki, babu tsigewa. Na dakatar da shi, na ce ya faɗi abin da aka faɗa daidai. Ya dube ni kamar zai yi kuka, ya faɗa.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce ya yarda rashin sani ne, domin mai niyyar cin mutunci ba ya gyara wa tafintansa fassara. Amma ya yanke abu uku. Abin da kyamara ta ɗauka a goge. Kayan nan ba za a sake sa su ba, ba za a ƙone ba, ba za a sayar ba. Hannun da ya ɗinka shi zai warware, a cikin ɗaki, a gabansa. Na uku, duk dodon da zan sake yi, kada a ga ƙyalle a jikinsa, kuma lalle a ga ƙafar mutum a ƙasa.

Biyun farko na karɓa. Na ukun na yi gardama, na ce a sana'ata ba a ganin fatar mai kaya. Tulu ya fassara yana taka mini ƙafa. Dattijon ya ce, “Namu ba ya taka ƙasa da ƙafar mutum. Naka na wasa ne. To, a ga ƙafa.”

Daga azahar har rana ta yi ja ina zaune a shago da reza, ina warware aikin sati uku. Dattijon yana kan benci, Muciya yana ɓare masa goro. Can ya ɗauki ƙyalle ɗaya ya kai kusa da ido, ya bi layin ɗinkin da farce, ya ce a gaya mini bai taɓa ganin irin wannan hannu ba. Tulu ya fassara, ya ƙara da nasa, wai da na yi ɗinkin ganganci kamar sauran teloli da tuni mun tashi, ga shi dokar ɗinki sha biyun nan ta cinye mana yini guda cikin ukun da muke da su. Muciya kuwa yana ta lissafin kwanaki da yatsu. Shi kuwa dattijon, tun daga ranar har ya rasu, ni nake ɗinka masa manyan riguna.

Laraba tun da asuba na fita. Na samo robar cikin taya wurin masu faci, da tiyon ruwa, da fitilu biyu da suka fashe na danfo, wato bas ɗin hayar Legas, Tulu kuma ya ɗauko tsohuwar katifar mahaifiyarsa ba da saninta ba. Na sassaƙa kai da soson katifar, na lulluɓe da baƙar roba, na dasa fitilun a matsayin idanu, tiyon ya zama gashi. Da na zo ƙafa, na auna inci huɗu sama da idon sawu, na rufe ido na yanke. Ko abin da ba ka so, in za ka yi shi, ka auna shi.

Alhamis da safe Tulu ya ce shi kam ba zai sake tsayawa gaban kyamara ba sai ya ga abin da na yi. Na karya dokata, na nuna masa. Ya duba gaba, ya duba baya, ya shinshina, ya ce wannan ba kakan kowa ba ne, sai dai in kakan danfo. Muciya ban bari ya gani ba. Muka ɗauki sauran wuraren har azahar, ya rage fitowar dodo da kayar da shi. Rana ta gasa simintin farfajiyar, Ayuba ya ce shi ba zai taka da ƙafa tsirara ba. Ya ga wasu silifa a bakin famfo ya zura, ban kula ba domin ina gyara masa ido. Muciya ya idar da salla ya fito yana ɗingishi a kan siminti, yana ƙorafin cewa garin nan ko takalmin mai salla ba a bari. Na ce ya ajiye ƙorafi, lokaci na tafiya.

Kyamara ta tashi. Tulu ya cika bakinsa, dodo ya fito, Tulu ya haye taga. Muciya ya juyo ya yi ido huɗu da fitilun nan, ya saki ihun da na san na gaske ne, ya zura a guje. Yana kaiwa bakin ƙofa sai ya tsaya cak. Ya waiwayo a hankali, ba fuskar dodon yake kallo ba, ƙasa yake kallo. Ya dawo da rarrafe, ya durƙusa.

“Ranka ya daɗe,” in ji shi, “in cinye ni za ka yi, bismilla. Amma silifan nan nawa ne. Ga wayar da na ɗaure igiyar hagu da ita.”

Wannan ba ya cikin tsari. Na buɗe baki zan ce a tsaya, sai na ji tafin hannun Tulu a kan bakina, yana warin nama. Shi ne mutum na farko kuma na ƙarshe da ya taɓa yi mini haka. Muciya ya kama silifa ɗaya ya ja, Ayuba ya riƙe da yatsu, ya sake ja, dodon ya tafi da baya ya faɗi warwas, kan ya ɓalle ya gangara har bakin kwata. Ayuba ya tashi zaune, gumi sharkaf, yana cewa a yi haƙuri, aro ya yi. Ɗanjuma ya cije rigarsa don kada dariyarsa ta shiga kaset. Haka aka bar wurin, ba a sake ɗauka ba. Wanda ya kalli fim ɗin da kyau zai ga ƙafar hagu ta wandon dodon ta fi ta dama tashi da rabin inci. Roba ce ta ja da zafi, amma ni ne ban yi lissafin zafin ba.

Ɗanjuma ya haɗa kaset ɗin da safiyar Juma'a, Muciya ya naɗe shi a leda uku ya sa a cikin riga, muka raka shi tasha. Daga baya ya ba mu labari cewa a gidan kallo na garin kasuwarsu aka nuna shi, ranar kasuwa, mahaifinsa yana zaune a gaba. Mutane suna faɗuwa daga benci, tsohon bai ko murmusa ba. Da aka gama, ya tambaye shi ko an mayar masa da silifan duka biyu. Ya ce an mayar. Tsohon ya ce to, ya gama noma tukuna.

Muciya ya dawo Agege bayan girbi. Shi da Tulu sun yi fim tara bayan wannan, kuma ni na ɗinka dodon kowannensu.